KARRARA: GARIN FARIN DUTSE TSAKANIN TSAUNI DA TEKU

Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wani tsohon gari na ƙasar Italiya mai suna Karrara, wanda yake zaune a gindin tsaunuka, teku kuma tana shimfiɗe a gabansa. Garin ba shi da girma ƙwarai, gama mutanensa wajen 60,000 ne, amma sunansa ya kewaye duniya saboda abu guda, watau farin dutsen da ake yankowa daga tsaunukansa fiye da shekara 2,000 ke nan. Wannan dutse shi ne wanda magina ke kira mabul, Larabawa kuma suna ce masa marmar. Bai kamata a haɗa shi da jar marmarar nan da Bahaushe ya sani ba. Shi fari ne tas, yana da laushin sassaƙa, idan kuma aka goge shi sai ya riƙa ƙyalli kamar tangaran.

Abin da ya sa tarihin wannan gari ya cancanci a zauna a saurare shi, shi ne tambayoyi biyu da suka bi shi tun farkonsa har yau. Ta farko, wane ne mai tsaunin? Ta biyu, idan dutse ya gangara ya shiga jirgi ya tafi, me ya rage wa mutanen da ke zaune a gindin tsaunin? Duk wanda zai riƙe aikin hukuma a ƙasar da ke da arziki a ƙarƙashin ƙasa, lalle wata rana zai gamu da waɗannan tambayoyi a kan teburinsa.

Yanayin Wurin da Asalin Dutsen

Karrara tana arewa maso yammacin lardin Taskani, a gaɓar Bahar Rum. A bayanta akwai jerin tsaunukan da ake kira Apuwana, waɗanda mafi tsawonsu ya kusa mita 1,950. Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku kuwa bai wuce kilomita 7 ba. Wani ƙaramin kogi mai suna Kariyone ya taso daga tsaunukan, ya ratsa tsakiyar gari, ya faɗa teku a unguwar da ake kira Marina, inda tashar jiragen ruwa take. Baƙon da ya hango tsaunukan daga nesa a tsakiyar bazara yakan zaci ƙanƙara ce ta lulluɓe su, alhali kuwa farin dutse ne da aka yanke, da tarin ɓaraguzan da aka zubar.

Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce wannan wuri yana ƙarƙashin wata teku ce marar zurfi. Ɓawon ƙananan halittun ruwa da laka mai alli suka yi ta taruwa a ƙasanta, har suka daskare suka zama dutsen farar ƙasa, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Daga baya, sa'ad da ƙasa ta motsa tsaunukan Italiya suka taso, zafi da matsi suka sake wa dutsen nan ƙira, ƙwayoyinsa suka zama 'yan ƙanana masu sheƙi kamar na sukari. Wannan ne ya ba shi kyaunsa. Ana haƙarsa a manyan kwaruruka uku da ke bayan gari, watau Torano da Miseliya da Kolonnata. Ba dukkansa ne iri ɗaya ba. Akwai fari fat wanda masassaƙa suka fi so, ana ce masa istatuwariyo, shi ne kuma mafi tsada da wuyar samu. Akwai fari mai ɗan ratsin toka wanda aka fi amfani da shi wajen gini, akwai kuma mai launin toka-toka da ake kira bardiliyo.

Kyaun dutse kaɗai ba ya isa ya mai da gari mashahuri. Akwai farin dutse a wurare da dama na duniya. Abin da ya fifita Karrara shi ne kusancin tsauninta da teku. A zamanin da ba mota ba jirgin ƙasa, ɗaukar dutse mai nauyin tan 20 a tudu tafiyar kwana da kwanaki aiki ne da ke cinye ribar dutsen gaba ɗaya. A ruwa kuwa abin yana da sauƙi. Saboda haka tsauni ya ba garin haja, teku ta ba shi hanyar kasuwa.

Zamanin Rumawa

Mutanen da suka fara zama a waɗannan tsaunuka wata kabila ce da ake kira Apuwani, daga gare su ne tsaunukan suka sami suna. Sun daɗe suna gwabzawa da Rumawa, har a shekara ta 180 kafin Miladiyya Rumawa suka kwashe wajen mutum 40,000 daga cikinsu suka kai su kudancin Italiya. Shekara uku bayan haka, watau a 177 kafin Miladiyya, Rumawa suka kafa wani gari mai suna Luni a bakin Kogin Magra, kusa da inda Karrara take a yau. Ta tashar wannan gari ne aka riƙa fitar da dutsen, shi ya sa Rumawa suka san shi da sunan dutsen Luni.

Haƙa mai yawa ta kankama ne a ƙarni na farko kafin Miladiyya, ta kuma bunƙasa a zamanin Sarki Ogusta, wanda ya ƙawata birnin Rum da gine-ginen farin dutse. Ba a daɗe ba manyan ramukan haƙar suka koma mallakar sarki. Bayi ne ke yawancin aikin. Kayan aikinsu guduma ce da kurfi da turakun ƙarfe. Sukan sassaƙa doguwar kwata a jikin tsauni, su jera turaku a cikinta, su yi ta bugu har dutsen ya tsage ya rabu da uwarsa. Har yanzu ana tarar da sawun wannan aiki a tsofaffin ramuka.

Wanda yake son ya ga gwanintar mutanen wancan zamani, sai ya dubi Ginshiƙin Sarki Tirajan da aka kammala a birnin Rum a shekara ta 113 Miladiyya. Tsawonsa wajen mita 30 ne ban da gindinsa. An yi shi da manyan gunduwoyin dutsen Luni da aka ɗora wani bisa wani, kowane ɗaya yana da nauyin kimanin tan 32, an kuma fafe cikinsu an yi matakala mai hawa 185. Kowane gunduwa sai da aka sauko da shi daga tsauni, aka sa shi a jirgi, aka bi teku da shi, aka haura Kogin Taiba, sa'an nan aka ɗaga shi sama, ba tare da inji ko ɗaya irin na yau ba.

Ga kuma abin lura. Da daular Rum ta raunana, aka daina manyan gine-gine, sai kasuwar dutse ta mutu, Luni ma ta bi ta. Yashin da kogi ke kawowa ya cike tasharta, fadamu suka kewaye ta, zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutanenta, mahara kuma suka yi ta kai mata farmaki ta teku. A 1204 aka ɗauke kujerar babban limamin Kirista na yankin daga Luni aka mai da ita garin Sarzana. A yau kufai ne kawai ya rage, yana nesa da bakin ruwa da kusan kilomita 2. Garin da ya yi ƙarnuka yana ƙawata biranen wasu bai iya tsayawa da ƙafarsa ba ranar da masu saye suka janye.

Farfaɗowar Sana'a da Zuwan Masassaƙa

Bayan dogon barci, sana'ar ta farka a wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, lokacin da biranen Italiya irin su Pisa da Jenowa suka yi arziki suka shiga gasar gina manyan majami'u. A wannan zamani ne Karrara kanta ta taso ta maye gurbin Luni. Babbar majami'arta, wadda aka fara a ƙarni na 11 aka gama a na 14, da farin dutse aka gina ta tun daga ƙasa har sama.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukaka sunan garin shi ne masassaƙin nan Mikelanjelo. Ya fara zuwa Karrara a 1497 don ya zaɓi dutsen da ya sassaƙa aikinsa mai suna Piyeta, wanda yake a Batikan. Shahararren mutum-mutuminsa da ake kira Dabid, mai tsawon fiye da mita 5, ya sassaƙa shi ne tsakanin 1501 da 1504 daga wani dutsen Karrara da aka yanko tun 1464, wanda wasu masassaƙa suka taɓa suka bari. A 1505 kuma ya yi wata 8 a cikin tsaunukan yana zaɓen dutse don kabarin Paparoma Juliyas na Biyu.

Amma ko shi bai tsira daga siyasar mallakar dutse ba. A 1518 Paparoma Liyo na Goma, wanda ɗan gidan sarautar Medici ne na Filorans, ya tilasta masa ya bar Karrara ya koma neman dutse a tsaunukan Seraveza, domin su suna cikin ƙasar Filorans, Karrara kuwa tana hannun wani gidan sarauta dabam. Mikelanjelo ya ɓata kusan shekara biyu yana fama da buɗe hanya da sauko da ginshiƙai, daga ƙarshe a 1520 aka soke kwangilar. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci masu mulki sun gane cewa wanda ya riƙe bakin rami shi ke riƙe da kuɗin.

Sarakunan gidan Cibo-Malaspina, waɗanda suka mulki Karrara da maƙwabciyarta Massa, su ma sun gane haka. A 1564 Sarki Alberiko na Ɗaya ya kafa Ofishin Mabul don lura da sana'ar da kuma harajinta. A 1769 kuma Sarauniya Mariya Teresa ta kafa makarantar koyon zane da sassaƙa, wadda take aiki har yanzu, don 'yan gari su koyi sarrafa dutsensu da kansu maimakon sayar da shi ɗanye.

Yadda Ake Sauko da Dutse

Yankan dutse rabin aiki ne, sauko da shi shi ne sauran rabin, kuma shi ya fi haɗari. Ramukan suna can bisa, wasu sun haura mita 1,000, gangaren kuwa a wasu wurare kamar bango yake. Dabarar da aka yi amfani da ita tun zamanin Rumawa har zuwa shekarun 1960 ana kiranta lizzatura. Akan ɗaure dutse mai nauyin tan 15 zuwa 25 a kan manyan gungumomi da aka fere bakinsu ya tanƙwaro sama. Akan ɗaura masa igiyoyi masu kaurin damtse, a naɗe su a jikin turakun da aka kafa cikin dutse a gefen hanya. Wasu ma'aikata suna sassauta igiya kaɗan kaɗan, wasu suna shafa wa 'yan katakai sabulu suna miƙa su gaba, shugaban ayari kuma yana gaban kayan, yana jera katakan a ƙarƙashinsu, yana ba da umarni da murya. Idan igiya ta tsinke, shi ne farkon wanda dutsen zai bi ta kansa. A gindin tsauni kuma sai a ɗora kayan a amalanke, shanu su ja zuwa bakin teku.

A ƙarni na 19 abubuwa suka fara sakewa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Wiliyam Walton ya gina gadar lodi da ta shiga cikin teku a 1851, jiragen ruwa suka sami wurin tsayawa. A 1876 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta musamman don dutse, aka ƙara mata tsawo a 1890 har ta kai cikin kwarurukan ta kan dogayen gadoji da ramukan da aka huda a tsauni. Ta yi aiki har 1964, sa'ad da manyan motoci suka ƙwace mata ciniki. Duk da haka, ko a 1928, da aka yanko wani dutse guda mai nauyin wajen tan 300 don a kafa wa Musolini hasumiya a Rum, da igiya da shanu aka sauko da shi, aka yi watanni ana fama kafin ya kai bakin ruwa.

Wajen yanka ma an sami sauye-sauye uku. Na farko shi ne albarushi. Akan cusa shi da yawa cikin tsauni a tayar, gefen tsauni guda ya rufto, a tsinci abin da ya yi kyau, a tura sauran cikin kwari. Wannan ɓarna ce ta haifar da yawancin farin tarin ɓaraguzan da ake gani a yau. Na biyu shi ne wayar ƙarfe murɗaɗɗiya da aka shigo da ita a 1895, wadda inji ke ja tana zagayawa, ana zuba mata yashi da ruwa, tana cin dutsen sannu a hankali. Na uku kuwa shi ne waya mai ƙwayoyin daimon da ta shigo a ƙarshen shekarun 1970, wadda take yanka a yini guda abin da a da sai an yi kwanaki.

Ma'aikata da Gwagwarmayarsu

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar dutsen Karrara ta kai Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, amma ribar tana hannun 'yan gidaje kaɗan, waɗanda mutanen gari ke kira sarakunan mabul. Ma'aikaci kuwa yakan tashi tun da duhu, ya yi tafiyar sa'o'i a ƙasa yana hawa kafin ya kai wurin aiki, ranar da aka yi ruwa kuma ba aiki ba lada. Haɗari ya zama abokin zama. A ranar 19 ga Yuli, 1911, gefen tsauni ya rufta a ramin Bettoli ya kashe ma'aikata 10 a lokaci guda.

Wannan hali ne ya sa aƙidar nan ta masu ƙin kowane irin mulki na gwamnati ko na ubangida, waɗanda ake kira anakis, ta yi saiwa a Karrara fiye da ko'ina a Italiya. A watan Janairu na 1894 ma'aikatan dutse suka yi bore, suka tare hanyoyi. Gwamnatin Firayim Minista Kirispi ta kafa dokar ta-ɓaci, ta aika da soja, aka kashe mutane, kotun soja kuma ta ɗaure fiye da mutum 400. Daga baya gwagwarmayar ta koma hannun ƙungiyoyin ƙwadago. A ƙarƙashin jagorancin Albato Meski, wanda ya zama sakataren majalisar ƙwadago ta garin a 1911, masu haƙar dutse suka sami ragin lokacin aiki zuwa sa'a shida da rabi a yini, a zamanin da ma'aikatan masana'antu da yawa a Turai ke yin sa'a goma. A Karrara ne aka kafa tarayyar 'yan wannan aƙida ta Italiya a 1945, aka kuma kafa ta ƙasa da ƙasa a 1968.

To, amma abin da yajin aiki ya samo, inji ya zo ya rage masa amfani. A farkon ƙarni na 20 mutum fiye da 10,000 ne ke ci daga ramukan dutse. A yau ana fitar da dutse ninkin ba ninkin na wancan lokaci, amma masu aiki a cikin ramukan Karrara ba su wuce 1,000 ba. Haɗarin ma bai ƙare ba, gama a watan Afrilu na 2016 dutse ya rufta wa ma'aikata biyu a kwarin Kolonnata suka mutu.

Wane ne Mai Tsaunin?

A nan ne ya kamata ma'aikacin gwamnati ya ƙara kasa kunne. Tun zamanin da, tsaunukan mallakar ƙauyukan da ke kewaye da su ne, kowane ƙauye da yankinsa, 'yan ƙauyen ne kuma ke da ikon buɗe rami. A hankali masu hali suka riƙa shigar da wasu ramuka cikin littafin haraji da sunayensu, rigima ta tashi tsakaninsu da ƙauyuka. Don a kashe wutar, a ranar 1 ga Fabrairu, 1751, Sarauniya Mariya Teresa ta yi doka cewa duk ramin da ya shekara 20 a rubuce da sunan wani mutum, ƙauye ba shi da sauran ikon neman sa. Sauran kuwa suna nan a matsayin dukiyar jama'a, sai dai a ba da su haya. A 1812, zamanin da dangin Napoliyon ke mulkin yankin, aka rushe hukumomin ƙauyukan, dukiyarsu ta koma hannun hukumar gari.

Dokar 1751 ta bar wata ɓaraka. Shin sarauniya ta ba mutanen nan mallakar ƙasar ce ɗungum, ko kuwa ikon haƙa kawai ta tabbatar musu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magada da kamfanonin da suka sayi waɗannan ramuka suka riƙe su a matsayin mallakarsu, ana saye ana sayarwa, ba sa biyan kuɗin haya irin wanda sauran ke biya. Yankin da abin ya shafa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na filin haƙa. Ko a ramukan da kowa ya yarda na jama'a ne, hayar ta daɗe tana tafiya kamar gado, a kan kuɗi ƙalilan.

A 1927 gwamnatin Italiya ta yi dokar ma'adinai, ta umarci hukumomin Karrara da Massa su tsara ƙa'idojin ba da ramukansu. Karrara ba ta yi nata ba sai a tsakiyar shekarun 1990, watau bayan kusan shekara 70. A 1995 Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da cewa izinin haƙa a filin jama'a na ɗan lokaci ne, kuma tilas a biya shi. A 2015 majalisar lardin Taskani ta yi doka ta mai da ramukan nan na 1751 cikin dukiyar gari, amma a 2016 Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan sashe, bisa hujjar cewa hukunci a kan mallaka aikin majalisar ƙasa ne, lardi ba shi da hurumi. Ashe ke nan 'yan layukan da aka rubuta don a sasanta wata rigimar ƙauye sun ɗaure hannun hukuma fiye da shekara 260.

Abin da Ya Rage wa Gari

A yau ramuka wajen 70 zuwa 80 ne ke aiki a Karrara, wasu a fili, wasu kuma a cikin tsauni, inda aka fafe manyan zauruka da motoci ke shiga. Dutsen yana nan da darajarsa. Da shi aka yi Ƙofar Mabul ta birnin Landan a ƙarni na 19, da shi kuma aka lulluɓe babban gidan waƙe-waƙe na birnin Oslo da aka buɗe a 2008. Masu jari daga nesa suna zuwa nemansa, har a 2014 wani babban kamfanin gine-gine na Saudiyya ya sayi rabin hannun jarin ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin haƙa na garin. A 2017 hukumar UNESCO ta sa Karrara cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.

Sai dai akwai abubuwa uku da ke damun mutanen gari. Na farko, kaso mai yawa na manyan duwatsun ana fitar da su ne ɗanye zuwa ƙasashe irin su Sin da Indiya, a can ake yanka su a goge, aikin da ladansa kuma su tafi tare da su. Don haka ne dokar 2015 ta gindaya sharaɗi cewa mai son a tsawaita masa izini sai ya yi alkawarin sarrafa aƙalla rabin abin da ya haƙa a cikin yankin.

Na biyu, kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da ake cirewa daga tsaunin ɓaraguzai ne. A da shara ce, amma yanzu ta zama haja, domin ana niƙa ta ta zama farin gari mai laushi da ake sawa a takarda da fenti da roba da man goge baki. Da ɓaraguzai suka sami kasuwa, sai ya zama ko ramin da dutsensa ba shi da kyau yana da riba, cin tsaunin kuma ya ƙara sauri. An kafa gandun kare tsaunukan Apuwana tun 1985, amma haƙa ba ta tsaya a kewayensa ba, an kuwa rage wa wasu ƙololuwa tsawo.

Na uku shi ne ruwa. Ƙurar yanka tana haɗuwa da ruwa ta zama farar laka, tana bin tsagogin dutse ta shiga maɓuɓɓugai, har idan aka yi ruwan sama koguna su koma fari kamar madara. Ɓaraguzai kuma suna gangarowa su cike cikin kogi. A watan Satumba na 2003 Kogin Kariyone ya yi ambaliya a tsakiyar gari, mace guda ta rasu. A ranar 5 ga Nuwamba, 2014, katangar gefen kogin ta karye, ruwa ya mamaye unguwar Marina, mutane suka fusata suka shiga zauren majalisar gari suka zauna na tsawon makonni. Ko ƙurar manyan motoci ma sai a 2012 aka sami sauƙinta, da aka buɗe wata hanya ta musamman mai tsawon fiye da kilomita 5, yawancinta a ƙarƙashin ƙasa, wadda ta ci kuɗi masu yawa daga asusun gari.

Kammalawa

Ba za a ce dutse bai amfani Karrara ba. Shi ya gina ta, shi ya ba ta makaranta da masassaƙa da tashar jiragen ruwa da suna. Masu ramuka kuma suna da hujjarsu idan suka ce in an rufe haƙa dubban iyalai da ke ci daga sufuri da yanka da guga da ciniki za su rasa abinci. Abin da tarihin ya nuna shi ne, rabon da gari ke samu daga arzikin ƙasarsa ba ya bin yawan abin da aka haƙa. Yana bin abin da aka rubuta a doka game da mallaka da haya da wa'adi, da yawan aikin da ake yi wa hajar kafin ta bar gida, da kuma wanda aka ɗora wa nauyin gyaran ɓarna.

Waɗannan kuwa al'amura ne da ake yankewa a ofis, sau da yawa a hannun ma'aikacin da bai taɓa hawa tsaunin ba. Tun ran gini ran zane. Magatakardan da ya rubuta dokar 1751 bai san za a yi ta jayayya a kan kalmominsa a gaban alƙalai a 2016 ba, haka nan waɗanda suka bar umarnin 1927 a cikin fayil shekara da shekaru ba su biya kuɗin jinkirinsu ba, jikokinsu ne suka biya. Ɗalibin da ke shirin shiga aikin hukuma, da ma'aikacin da ya riga ya shiga, ya kamata duk ranar da takardar izinin haƙa ta zo gabansa ya duba wa'adinta, ya duba abin da za a biya, ya duba wanda zai gyara wurin bayan an tashi, kafin ya sa hannu. Gona idan ta gaji akan bar ta ta huta ta dawo, amma dutsen da aka yanke daga tsauni ba ya sake tsirowa.